Hoton da Gam Ya Cinye

Ranar wata Alhamis ce a cikin watan Afrilu na 2018. Bazara ta kai inda ta kai, garin Damagaram kuma ya cika da ƴan cin kasuwa. Ina zaune a shagon kawuna da ke unguwar Zango ina yankan kwali, sai wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo, tana rungume da wani abu naɗe cikin ɗankwali. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa. Sai da ta huta sannan ta kwance ƙunshin. Kundin hotuna ne mai bangon jar fata, aikin hannuna, wanda na haɗa mata shekara 7 da suka wuce, lokacin da ta aurar da autarta.

Ta buɗe shafin farko ta turo mini. Hoton marigayi maigidanta ne, irin tsohon nan mai baƙi da fari, wanda aka ɗauka shekarar da ya dawo daga Makka. Rawaninsa yana nan, babbar rigarsa tana nan, har carbin da ke hannunsa ana gani. Fuskar ce ta tafi. Wani tabo mai ruwan ƙasa ya ɓullo daga bayan takardar ya mamaye ta tun daga goshi har gemu, daidai inda na lafta gam ranar da na liƙa shi.

"Ɗiyata," in ji ta, "ba faɗa ya kawo ni ba. Na zo ne ki gani da idonki. Shi ke nan guda ɗaya da muke da shi. In jikokinsa suka tambaye ni kamanninsa, me zan nuna musu?"

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni." Daga nan bakina ya mutu. Na roƙe ta ta bar mini kundin, ta bari, ta tashi ta tafi.

Ya kamata in faɗi sana'ata kafin in ci gaba, domin ba kowa ya san ta ba. Kawu mai ɗaukar hoto ne, yana kuma taɓa ɗinkin littattafai. A 2009 na fara zama a shagonsa ina taya shi jera hotunan biki a cikin albam irin na kanti. Da yake mata da yawa ba sa son kai hotunan cikin gida wurin namiji, sai ya zama ni ake aikawa in karɓo in mayar. A wannan shiga gidaje na lura cewa hoto kaɗai ba ya isar mutane. Uwa za ta ɗauko katin gayyata, da ƙyallen ankon bikin, da takardar asibiti ta ranar haihuwa, ta ce ko akwai inda za a sa su. Sai na fara haɗa kundi da hannuna: in yanka shafuka, in jera hoto da waɗannan ƴan tarkace, in rubuta sunaye da kwanan wata a ƙarƙashi, in kai wa dukawa su yi bango. Amurkawa suna da suna na musamman ga wannan aiki, Faransawa ma sun are shi ba su fassara ba. Ni dai na raɗa masa kundin tuna baya.

Kafin zuwan Hajiya ina ganin na gama koyon sana'ar nan. Hannuna ya faɗa, ina yanka layi miƙaƙƙe ba tare da awo ba, kuma amare suna nemana tun daga Birni har Mirriya. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan sana'a kuskure ba ya bayyana a ranar da aka yi shi. Tela in ya ɓata ɗinki, ranar gwaji ake gani. Mai tuwo in ta cika gishiri, a lomar farko ake ji. Mai liƙa hoto kuwa sai an biya ta, an yabe ta, an yi shekaru, sannan ɓarnar take fitowa, a lokacin da babu sauran gyara.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba hoton Alhaji kaɗai ya hana ni ba. Tunanin da ya fi damuna shi ne, da wannan gam ɗin na yi duk kundayen da na haɗa tsawon shekara 9. Gam ne irin na masu gyaran takalma, wanda ake kira sholisho, mai kamawa nan take kuma mai araha. Ke nan akwai wasu hotunan a wasu gidajen da suke kan hanyar lalacewa, masu su ba su sani ba. Da asuba na ɗauki biro in rubuta sunayen waɗanda na yi wa aiki don in je in gargaɗe su. Ban kai 30 ba na tsaya. Ban taɓa ajiye littafi ba. Ban san kundi nawa na yi ba, ban san na wa da na wa ba, wasu ma an kai su ɗakin aure a Maraɗi ko Agadas.

A nan ne na fara gane cewa jahilcina iri biyu ne, kuma igiya ɗaya ta ɗaure su. Rashin sanin kayan aiki shi ya sa na yi ɓarnar. Rashin sanin kasuwanci shi ya hana ni tare ta. Da na ƙara zurfafa tunani ma sai na ga na biyun shi ya haifi na farkon, domin abin da ya sa na manne wa gam mai araha shi ne kuɗin da nake karɓa ba ya isar sayen wanda ya fi shi.

Malamina na farko a wannan sabon karatu bai taɓa haɗa albam ba. Wani dattijon malami ne a Birni, abokin Kawu, wanda ya gāji littattafan kakanninsa rubutun hannu. Kawu ya raka ni wurinsa da hoton. Ya duba, ya girgiza kai, sannan ya sa aka ɗauko masa gafaka. Ya zaro wani littafi da ya girmi mahaifinsa. Warƙoƙin a sake suke, babu ɗinki babu gam, an dai jera su tsakanin kwali biyu, an naɗe cikin tadarishi na fata, an ɗaure da tsirkiya. Tawadar tana nan baƙa ƙirin.

"Kin gani, ɗiyata?" in ji shi. "Mutanen da ba su liƙa ba. Abin da ba naki ba, kuma babu na biyunsa, kada ki yi masa abin da ba za ki iya warwarewa ba."

Daga baya, da na shiga karatu ta intanet a wayata, na tarar wannan maganar ita ce ginshiƙin aikin masu adana takardu a manyan ɗakunan tarihi na duniya: duk abin da za a yi wa tsohuwar takarda ya zama ana iya janye shi ba tare da ya bar illa ba. A can na sami bayanin abin da ya faru da hoton Alhaji. Gam ɗin roba yana sauyawa da daɗewa, musamman a wuri mai zafi irin namu, inda bazara take haura digiri 40. Yakan koma ruwan ƙasa, ya ratsa cikin takarda. Tsofaffin hotuna masu baƙi da fari a kan zallar takarda aka wanke su, ba su da wata kariya a baya, kuma surar da ke kansu da ƙwayoyin azurfa aka yi ta. Farar wuta, wadda ake yawan samu a kayan roba, tana ɓata azurfa. Duk macen da ta taɓa ɗaure warwaron azurfa da robar ɗaure kuɗi ta ga yadda yake baƙi. Sababbin hotuna masu kala kuwa takardarsu tana da siririn rufi na leda gaba da baya, shi ya sa hotunan bikin suka tsira, na Alhaji kaɗai ya tafi. Wato wanda ya fi kowanne daraja a kundin shi ne ya fi kowanne rauni, ni kuma na yi musu kuɗin goro.

Na koyi cewa takarda ma tana da nata ciwon. Wadda aka yi da ɓawon itace ba a tace ta sosai ba tana ɗauke da wani sinadari da ake kira liginin, shi ne yake sa jarida ta yi ja ta riƙa karyewa in ta daɗe, kuma tsamin da take fitarwa yana kama abin da aka jingina mata. Masana suna auna wannan tsami da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, abin da ya gaza 7 mai tsami ne. Akwai wani alƙalami na gwaji da ake ɗiga wa takarda, in ɗigon ya zama shunayya lafiya lau, in ya zama ɗorawa akwai tsami. Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Faransa ya aiko mini da guda. Ranar da ya iso na gwada duk kwalayen shagon, kusan dukkansu suka faɗi. Na koyi kuma cewa ledar PVC, mai taushin nan da warin sabuwar jaka, ba ta dace da hoto ba, amma ta foliyesta da ta folifirofilin ba su da laifi. Rufe hoto ko takardar shaida da leda a injin zafi, abin da muke yi a nan muna ganin gata ne, shi ma aiki ne da ba ya warwaruwa.

Tun daga lokacin ban ƙara shafa wa hoto gam ba. Nakan naɗe ƴan ƙananan aljihuna masu kusurwa uku da takarda mai kyau, in liƙa su a jikin shafi, in zura kusurwoyin hoton a ciki. Duk ranar da mai shi ya so, sai ya zare abinsa. In za a yi rubutu a bayan hoto, da fensir mai taushi ake yi, ba da biro ba. Kuma kafin in taɓa kowane tsohon hoto sai na ɗauki kwafinsa a na'urar sikana, in ba mai shi, in ajiye nawa. Da na san wannan ɗaya kaɗai a 2011, da fuskar Alhaji tana nan.

A cikin wannan bincike ne na ci karo da tarihin sana'ar a Amurka, inda ta zama babbar masana'anta. Al'adar tara yankan jarida da hotuna a littafi tsohuwa ce a wurinsu, har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar mallakar wani kundi mai gam a jikin shafukansa a 1873. Amma sana'ar ta zamani daga jihar Yuta ta taso, inda mabiya cocin Mormon suke ba tarihin zuriya muhimmanci ƙwarai. Wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundayen iyalinta a wani taron duniya kan adana bayanai a birnin Salt Lake a 1980, jama'a suka yi sha'awa, shekarar da ta biyo baya ita da mijinta suka buɗe kantin kayan wannan aiki a garin Spanish Fork. A 1987 kuma aka kafa kamfanin Creative Memories a jihar Minesota, wanda wakilansa mata suke shiga gidaje suna koyar da haɗa kundi, suna sayar da kayan a wurin.

Abin da ya ja hankalina shi ne, da koyarwa aka gina kasuwar gaba ɗaya. Su ma Amurkawan sun yi irin kuskurena. Albam ɗin da suka yi yayi a wurinsu a shekarun 1970, masu shafi mai danƙo da leda a sama, sun ɓata hotuna masu yawa, kuma bayyana wa mutane wannan haɗari yana daga cikin abin da ya sa suka karɓi sababbin kayan. Kantuna suna shirya azuzuwa, suna kuma tara mata da yamma kowa ta zo da hotunanta a yi aiki tare ana hira. Su kansu masu kantunan da masu koyarwar sukan halarci baje kolin shekara-shekara na masu sana'ar hannu, inda ake ba da darussa iri biyu: na sababbin dabarun ƙawata shafi, da na tafiyar da kanti, kamar sa farashi da lissafin haja da riƙe masu ciniki.

Duk da haka guguwa ta same su. Kyamarar dijital ta zo, wayar hannu ta biyo baya, mutane suka koma zuba hotuna a Facebook maimakon wanke su, sannan tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali a 2008. A wannan shekarar kamfanin da ya mallaki Creative Memories ya nemi kariyar kotu saboda bashi, aka sake maimaita haka a 2013, kafin daga baya a farfaɗo da sunan a hannun sababbin masu shi. Kodak kansa, wanda sunansa ya zama tamkar sunan hoto, ya shiga irin wannan hali a farkon 2012. Ƙananan kantuna da dama sun rufe. Na karanta wannan ina zaune a shagon Kawu, kusa da tsohuwar na'urar wankin fim da ƙura ta rufe, sai na ga ashe labarin bai yi nisa da mu ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma wanda bai koyi sabuwar rawar ba, girmansa ba ya cetonsa.

Karatun kasuwanci kuwa a gida na same shi. A ƙarshen 2018 wata ƙungiyar mata ta shirya horo na kwana 5 kan lissafin ƙananan sana'o'i, na shiga tare da masu ƙuli-ƙuli da masu saƙa da masu kitso. A rana ta biyu malamar ta ce kowa ta lissafa abin da take kashewa kan abu guda da take sayarwa. Na yi nawa a allo a gaban jama'a. Ina sayar da kundi jika 15. Kwali da takarda jika 4. Wankin hoto 40, kowanne dala 30, jika 6 ke nan. Bangon fata jika 2. Gam da zare da kayan ado jika 1. Jimla jika 13. Na juyo ina murmushi na ce ribata jika 2.

Malama ta ce, "Kwana nawa kike yi a kansa?" Na ce 3. Ta ce, "Sau nawa kike hawa kabu-kabu zuwa gidan mai shi?" Na ce aƙalla sau 2, zuwa da dawowa. Ta ce, "Wutar shago fa? Almakashin da ya dakushe fa? Shafin da kika ɓata kika sake fa?" Na yi shiru. Wata mai ƙuli-ƙuli da ke bayana ta ce, "Yarinya, ke sadaka kike yi ba ki sani ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma cikina ya yi sanyi. Shekara 9 ina aiki, aljihun Kawu ne yake rufa mini asiri.

Abubuwan da na ɗauko daga horon nan ba su da yawa, kuma duk wata ƴar kasuwa da ta ƙware za ta ce ai sanannu ne. Raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Sa wa lokacinki kuɗi kamar yadda kike sa wa kwali. Karɓi kafin alƙalami kafin ki sayi kaya. Ware wani abu domin kayan aikin da za su tsufa. Sai kuma littafi, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi. Yanzu kowane kundi yana da lamba. A littafina ina rubuta sunan mai shi, da unguwarsu, da lambar waya, da irin takardar da na yi amfani da ita, da inda na saye ta, da ranar. In gobe aka gano wata takarda tana da illa, na san ƙofofin da zan ƙwanƙwasa.

Da na mayar da farashi jika 25, rabi a hannu, Kawu ya ce, "Ke kuwa wa zai ba ki jika 25 a kan takarda? Za ki kori mutane." Na ce, "Kawu, in na karɓi 15 dole in koma wa sholisho." Bai ƙara magana ba. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, domin wasu sun tafi ba su dawo ba. Amma na koyi yi wa mai ciniki bayani. Nakan ajiye wani tsohon shafi da gam ya ɓata kusa da sabo, in ce ta duba ta zaɓa. Na kuma fito da ƙaramin kundi mai hoto 15 domin wadda ƙarfinta bai kai ba, da kaya masu kyau iri ɗaya. Gara a rage yawan shafi da a rage ingancinsa.

Ba a daɗe ba aka jarraba karatun nawa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Kano, inda nake samun yawancin kayana, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka daga Damagaram, Yamai kuwa ta kusa 900. Kaya suka yi wuya, suka yi tsada. Da a tsohon halina ne, da na sayi duk kwalin da na samu a kasuwa na rufe ido. Amma littafi ya nuna mini yawan takardar da nake ci a wata, kuma akwai ɗan abin da na ware. Na nemi wani mai sayar da takardar zane ta auduga a Yamai, na haɗa oda da wasu masu buga kati biyu muka raba kuɗin mota. Watanni biyu na ƙi karɓar aiki saboda babu takardar da na yarda da ita. Ban ji daɗi ba, amma ban karye ba.

Akwai wani karatun da ban zaci sana'ar za ta kai ni gare shi ba, shi ne na rubutun Hausa. Makarantar Faransanci na yi, Hausa a baki kawai na iya ta. Wata rana na kai wa wata malamar makaranta kundin bikin ƙanwarta, ta buɗe wani shafi ta fashe da dariya. A ƙarƙashin hoton dangin ango na rubuta "baki sun iso". Ta ce, "Bakin wa ya iso? Ai ƙugiya kika manta, baƙi ne." Ita ce ta haɗa ni da wani tsohon malami da ya koyar a makarantun gwaji masu karantarwa da harshen gida, waɗanda aka fara a nan Damagaram a 1973. Wata 4 ina zuwa wurinsa duk Asabar. Ya koya mini haruffa masu ƙugiya, da raba kalmomi, da bambancin da ke tsakanin rubutunmu na Nijar da na Najeriya, kamar yadda muke rubuta ƴaƴa su kuma su rubuta 'ya'ya. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto shi ne zai yi magana ranar da duk waɗanda suka san mutanen cikin hoton suka ƙare, don haka bai kamata ya yi ƙarya ko ya yi tuntuɓe ba. Akwai ma tsofaffin da suke cewa a rubuta musu da ajami, sai in kai wa almajiran malamin Birni.

Zamani kuma bai daina kawo nasa darasin ba. Yawancin hotunan da ake kawo mini yanzu a waya suke. Sai da na ɓata wanki da yawa kafin in gane cewa hoton da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an matse shi, a fuskar waya ya yi kyau, a takarda ya dushe. Yanzu nakan ce a turo shi a matsayin fayil, ko a zo da wayar. Na kuma lura cewa wayar da na ɗauka za ta kashe sana'ar ita ce take turo mini mutane, domin duk wadda wayarta ta taɓa faɗawa ruwa da hotunan sunan ɗanta a ciki ba ta buƙatar dogon bayani.

Game da tsofaffin kundayen, na bi gida-gida da abin da na iya tunawa da abin da mata suka tuna mini. Na samo 23. Gam ɗin ya riga ya bushe a yawancinsu, hotunan suna ɓallewa da ɗan taɓi. Na sake musu shafuka ban karɓi ko dala ba. A cikinsu na tarar da tsofaffin hotuna 3 da tabo ya fara kamawa, amma bai kai fuska ba. Sauran kundayen da ban samo ba suna nan a raina. Ba na jin akwai ranar da za su fita.

Hoton Alhaji kuwa, wani saurayi mai aikin kwamfuta ya ce zai iya mayar da fuskar. Na ba shi kwafi. Bayan kwana 2 ya kawo wani kyakkyawan dattijo mai dogon hanci da cikar gemu, sanye da rawanin Alhaji. Na kai wa Hajiya ina ɗoki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini. "Wannan bawan Allah ban san shi ba," in ji ta. "Alhaji yana da tabon ƙyanda a nan, kuma idonsa na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. Mayar masa da abinsa."

Sai na ce, "Hajiya, to ki faɗa mini yadda yake, in rubuta." Muka zauna tun bayan la'asar har aka kira magariba. Ta faɗi tabon da idon, da wushiryarsa, da yadda yake tura hula baya in ciniki ya yi daɗi, da yadda ba ya dariya da sauti sai dai kafaɗunsa su riƙa rawa. Na rubuta da fensir, na karanta mata, ta gyara mini wuri biyu. A sabon kundin, hoton yana shafin dama cikin ƴan aljihunansa, da tabonsa yadda yake. Maganarta tana shafin hagu, da sunanta da kwanan wata a ƙasa. Ban ce wannan ya biya abin da na ɓata ba, ita ma ba ta ce ba. Ta dai karɓa, ta naɗe a ɗankwalinta, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Yanzu ina da ƴan mata biyu da suke koyo a hannuna. Ranar da kowacce ta fara zuwa, kafin ta taɓa almakashi, nakan nuna mata kwafin hoton nan, sannan in buɗe mata littafin lissafi. A cikin kowace jika 10 da ta shigo ina ware dala 100 a wani gwangwani domin karatu: kuɗin intanet, ko kuɗin mota zuwa wani horo, ko sayen sabon abu in gwada shi a kan hotunan gidanmu kafin ya taɓa na mutane. A wata sau ɗaya kuma mukan haɗu da wasu masu buga kati da masu ɗaukar hoto, kowa ya faɗi abin da ya koya da abin da ya ɓata. Na biyun ya fi wuyar faɗa, kuma shi muka fi ƙaruwa da shi.

Har yau akwai abin da nake yi da hannuna wanda wataƙila nan da shekara 10 zan gane kuskure ne. Abin da zan iya kawai shi ne in ci gaba da tambaya, in yi aikin da za a iya warwarewa, in kuma rubuta sunan mai shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.